Ma'aunin Ruwa a Gindin Rumbu

Shekarar da aka kawo ma'aunin ruwan sama ƙauyenmu, ni aka damƙa wa shi, don kawai na yi lakol, wato makarantar boko, shekara shida kuma ina iya karanta lamba. Malamin gona ne ya zo da shi daga Agiye, ɗaure a bayan babur. Wata roba ce mai haske, bakinta da faɗi, gindinta tsukakke, an zana lambobi a jikinta. Ya kafa mata sanda a fili kusa da masallaci, ya ce mini in ruwa ya kai milimita ashirin ko ya wuce, in faɗa wa mutane su yi shuka, in bai kai ba su dakata.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba, irin hatsin da ke gidajenmu na shuka ɗaya ne. In aka zuba shi a lemar da ba ta isa ba, ya tsiro ya ƙone, babu na biyu. Ga shi an rataya duka a bakina.

Kwana uku ina zagaya sandar nan. Akuya ta goga jikinta, na ce za ta karya. Rana ta yi zafi, na ce robar za ta tsage. Wani baƙo da ke kan hanyar kasuwar Gazawa ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ban san abin da ke ransa ba. A rana ta huɗu na tuge sandar, na kai ta gida, na kafa a gindin rumbuna, inda akwai inuwa kuma ina hangenta daga ƙofar ɗaki. Ban gaya wa malamin gona ba. A ganina amana nake tsarewa.

Ruwan farko ya zo bayan azahar, da iska, bai daɗe ba ya ɗauke. An ce mini da safe ake dubawa, amma ban iya jira ba. Na duba sau uku: talatin da biyu. Da aka idar da la'asar na faɗa a ƙofar masallaci, mutane suka hau hamdala, kowa na cewa gobe sai gona.

Taubashina ne kaɗai bai yi murna ba. Ɗan kawuna ne, tun muna yara ba ya raga mini, kuma tun da aka ba ni robar yake kirana Mushen Ruwa, kamar yadda ake ce wa malamin lakol Mushe. Ya tsuguna nan gabanmu, ya tona yashi da hannu kamar yadda iyayenmu ke yi, ya ɗago. Lemar ko tsawon yatsa ba ta kai ba, ƙasa da nan busasshe ne.

"Mushe, talatin da biyun taka a wane gari ta sauka?" in ji shi. "Nan dai ko kaza ba ta jiƙe ba."

"Kai da ba ka san bambancin biyu da bakwai ba, za ka ƙaryata ma'auni?"

"Ni ban san lamba ba, amma na san ƙasa. Ka tambayi robar taka ko ta taɓa cin tuwo."

Aka yi dariya, aka watse, amma da lambata mutane suka tafi. Ni kuwa na nufi gida.

Taubashin nawa na fara zargi. Ya shigo gidana aron sungumi bayan ruwa ya ɗauke, kuma akwai buta kusa da rumbu. Mutumin da ya taɓa sa mini ƙwaro a hula ranar suna, me zai hana shi tsiyaya ruwa a roba? Sai na tuna da kaina na miƙa masa sungumin, bai wuce zaure ba. Na koma kan robar. Me ya sa aka yi bakinta da faɗi, gindinta tsukakke, in ba don ruwa kaɗan ya yi kamar mai yawa ba? Wa zai amfana in muka yi asarar iri, in ba masu sayar da shi ba? Daga nan na juya kan maiɗakina, wadda ke tankaɗe a tsakar gida.

"Kin taɓa abin nan?"

"Malam, abin da ka hana ni ko shara kusa da shi?"

"To, ma'aunin ya ce talatin da biyu, ƙasa ta ce a'a."

Ta ajiye rariya. Kafin ruwan ta wanke kaya ta bar su a fili: tukunyar dalma, babban gwangwanin tumatir, da ƙaramin na madara. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta tsoma a tukunya, ta riƙe wurin da ya jiƙe da farce, ta tsoma a babban gwangwani, ta tsoma a ƙarami. Duka uku wuri ɗaya ruwan ya tsaya, bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Na karɓi tsinken na gwada da kaina, don na ɗauka dabara ce. Tukunya mai cin tuwon gida guda da gwangwanin da bai fi kofi ba, zurfinsu ɗaya. Shekara shida a lakol ba wanda ya nuna mini wannan.

"Kowa abin da ya faɗa bakinsa ya samu," ta ce. "Taka robar wa ya ƙara mata?"

Na je na tsaya gaban sandar. A ƙasa na ga jerin ƙananan ramuka a yashi, sun zagaye rumbun, irin waɗanda ɗigon jinka ke yi. Layin ya bi daidai ta gindin sandar. Na ɗaga kai, ga bakin ciyawar jinka a saman robar, har lokacin akwai ɗigo ɗaya rataye. Ruwan rufin rumbu na auna wa gari.

Na so in yi shiru, in ce ƙila Allah ya ƙaro ruwa kafin safiya. Amma na san in hatsin mutane ya ƙone ba zan ƙara iya haɗa ido da kowa ba. Bayan magariba na miƙe a masallaci tun ba a watse ba, na faɗi abin da na yi, na ce kada kowa ya fita da iri gobe. Taubashina ya ce a rubuta a kai buro, ofishin malamin gona, an samu damana mai kyau a kan rumbun Mushe.

Kwana tara ba a ƙara ruwa ba. Gida ɗaya ne suka riga suka fara shuka da yammacin nan a gonar bayan gari, kuma abin da suka zuba ya tsiro ya mutu. Na ɗebi iri daga nawa na kai musu, shekarar gefen gonata na gabas wake kawai na sa.

Sandar ta koma fili, na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Malamin gona ya yi mini bayanin cewa an lissafa faɗin bakin robar kafin a zana lambobin, kuma na ji. Duk da haka akwai gwangwanin tumatir da na ajiye kusa da ita, kuma ba na faɗin lamba sai taubashina ya tona ƙasa na gani.