Hannun Bakanike

A bakin famfon ɗakin marasa lafiya akwai wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, yana ta dirzar hannuwansa da sabulu. Baƙin mai ya zauna daram a gindin faratansa. Da gani bakanike ne, irin waɗanda suka tsufa a ƙarƙashin mota.

Matarsa na kwance a gadon ƙarshe. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana, an huda maƙogwaronta an sa bututun numfashi. Likita ya ce gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a majinar ƙirjinta, kuma hannu marar tsabta na iya ƙara mata wasu. Tun daga nan famfon bai huta ba.

"Baba, ai sai ka saɓule fatar," in ji wata nas tana dariya.

"'Yata, dattin da nake gani ba ya ba ni tsoro. Wanda ba na gani ne ya hana ni sakat."

Ga shi nan tafe, hannuwa a sama, ko labule bai yarda ya taɓa ba. Ya sunkuya ya kasa kunne ga bututun, wataƙila yadda yake sauraron inji. Zai goge bakin ramin maƙogwaron ke nan, sai ta ɗago hannunta mai lafiya, wanda ya wuni a kan ƙarfen gado, tana laluben nasa.

Ya dubi hannun nata. Sannan ya miƙa mata duka biyun, ta riƙe har barci ya ɗauke ta. Ya zare a hankali, ya koma famfo.