Zoben da Ya Tsere wa Consuelo

Shekara talatin da ɗaya Consuelo Ybarra ta yi a garin Burbank tana aiki guda: sa ido kan abin da kowa ya raina a wurin ɗaukar fim. Idan jaruma ta sha rabin kofin gahawa ranar Litinin, to ranar Alhamis da za a ƙarasa fitowar, dole kofin ya dawo rabi. Ba ta taɓa kuskure ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji hakan, ko bai tambaya ba.

Fim ɗinta na ƙarshe kafin ritaya shi ya tashi kunyata ta. An tara 'yan kallo don gwaji. A fitowar ƙarshe, jarumar na zuba wa mijinta gahawa, sai Consuelo ta ga yatsanta babu zoben aure. Jarumar ta cire shi ne lokacin hutun cin abinci, aka ci gaba da ɗauka haka nan. Sunan da Consuelo ta gina zai rushe a kan zobe.

Da aka kunna fitilu, darakta Dwight ya tambayi jama'a yadda suka ga ƙarshen.

"Ai barinsa za ta yi," in ji wani direban bas. "Ba ku ga zoben ba?"

"Kai dai ba ka san mata ba," in ji matarsa. "Tsorata shi take, ya shiga taitayinsa."

Musu ya kaure. Dwight, wanda bai ma san da zoben ba, sai gyaɗa kai yake kamar shi ya tsara.

Consuelo ta ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta yunƙura za ta tona kanta. Wata tsohuwa a gefenta ta riga ta magana.

"Ni ma na taɓa cire nawa. Kwana tara Harold bai lura ba."

Tsohon da ke kusa da ita ya gyara murya. "Na lura mana, Mavis. Tsoro ne ya hana ni tambaya."

"Shekara arba'in ka yi shiru, ja'iri?"

Ɗakin ya fashe da dariya, Mavis na kuka tana dukan kafaɗarsa. Consuelo ta koma ta zauna, daɗi ya cika ta.

Yanzu duk wanda ya zauna kusa da ita, labarin kuskuren nan yake ji, ko bai tambaya ba.