Akuyata da Dangar Maƙwabciya

Jar akuyar nan gwaggona ce ta ba ni ita ranar sunan ɗana. Gidanmu ba fili, ga damina, shuka ta kewaye mu har bakin ƙofa. Sai na kai wa maƙwabciyata kiwo kamar yadda mata ke yi a ƙauyenmu: haihuwar fari tawa, ta biyu tata.

Akuya ta haifi tagwaye. Da na je ɗauka, wai kare ya cinye su. Wane irin kare ne ba ya barin ko kofato? Ni kuwa ranar kasuwar Ɗambatta, ta ɓular dangar da ke tsakaninmu, na ga mijinta ya ɗaure buhu a bayan babur, buhun yana motsi yana kuka.

Na ce, "Yaya, ba ni akuyata."

Ta ce, "Sai ta haifa min nawa. Yarinya da ke, kin san wahalar yankan ciyawa?"

Ranar da ta garƙame ƙofa ta tafi biki, na zare karan dangar, na shiga na jawo abata. A tunanina mutum ba ya satar kayansa.

Matar nan ko mai unguwa ba ta nema ba, sai sammaci na gani. Maigidana yana Kano wurin aiki. Hankalina ya tashi, don na ji ana cewa alƙali kan tsare mutum sai zama na gaba, ga ɗana bai karɓi koko ba, nono kawai yake sha. Idan aka rufe ni, wa zai shayar da shi?

A kotu ta miƙe tana nuna ni da yatsa. "Allah ya gafarta Malam, ɓarauniya ce!"

Na ce, "Ɓarauniyar akuyata? Ke ina tagwayena, mai kare da babur?"

Aka yi dariya, alƙali ya tsawatar. Ya tambaye ni ko na ɓoye akuyar. Na ce tana ɗaure a ƙofar ɗakina, duk unguwa sun gani. Ya ce sata sai da mugun nufin raba mutum da abin da yake hakkinsa, shi bai ga wannan nufi a wurina ba. Har na fara sakin numfashi, sai ya ce amma ɓalle danga ɓarna ce, shiga gidan mutane ba izini kuma wani laifin ne daban, ko da kayanka ke ciki. Na ƙara ɗaure majanyin da na goya ɗana da shi.

Sannan ya juya gare ta. Ya ce wanda aka ba ajiya ya sayar ya ci, sunan laifinsa cin amana, kuma za a kira mijinta ya yi bayanin buhun nan. Ita da ta shigo da hargagi, sai ga ta tana cewa ta janye, a sasanta a gida.

Ba a rufe ni ba. An ce in gyara danga, ita ta bar min haihuwa ta gaba. A bakin kotu na zauna na ba ɗana nono.

Dangar kuwa na gyara ta. Na ninka karan, na tusa ƙaya, na toshe ɓular nan. Ban ƙara son ganin tsakar gidanta ba, kuma har yau ba ma gaisawa.