Malam Mudi Mai Allo da Sunan da Ya Ƙi Rubutawa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Mudi Baba, wanda mutanen Gashua suka fi sani da Mudi Mai Allo, a cikin damina ta shekarar 1967, a garin Nguru, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa Alhaji Baba mutumin Haɗeja ne, fataucin bandar kifi ya kawo shi har ya zaunar da shi. Mahaifiyarsa kuwa Hajiya Bintu haifaffiyar Nguru ce. Shi ne na huɗu a cikin 'ya'ya bakwai. An ruwaito cewa tun yana ƙarami, idan makaɗa suka zo biki a unguwarsu, sa'anninsa na tsakiyar fili suna rawa, shi kuwa yana gefe a tsaye ƙyam, leɓɓansa na motsi, yana bin maganar da mawaƙin ke faɗi kamar mai tsoron kada ta zube ƙasa.

Karatunsa

An sa shi makarantar allo yana da shekara biyar, kuma a shekarar 1974 ya shiga firamare. A nan Allah ya haɗa shi benci ɗaya da Ibram, ɗan wasu makiyaya da ke zaune kusa da Kumagannam, wanda aka kawo Nguru wurin kawunsa mai dillancin shanu. Mudi ne kan zo na ɗaya a aji, Ibram kuwa kullum yana can wajen wutsiya. Amma da zarar an fita tara, kan Ibram ake taruwa, domin ko akuya ce ta gifta sai ya yi mata baiti a take, kowa ya riƙe ciki don dariya. Da suka gama a shekarar 1980, Ibram ya koma wa shanun gidansu da gurminsa a kafaɗa, Mudi ya wuce kwalejin horon malamai. A can ya karance duk wani littafin waƙa da hannunsa ya kai gare shi, ya ƙware a ilimin ƙafiya da karin waƙa, ya kuma cika littattafai uku da waƙoƙinsa na kansa, da burin wata rana a riƙa ambaton sunansa cikin fasihai.

Aikinsa da Kafa Shago

Ya koyar a wani ƙauye kusa da Jakusko daga 1986 zuwa 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Yobe. A farkon 1992 ya ajiye aiki, ya kama shago a bakin kasuwar Gashua yana sayar da kaset. Daga aikin malanta abu biyu kawai ya taho da su, allo baƙi da alli, kuma su ne suka yi masa suna. Kowace ranar kasuwa sai ya jingine allon a ƙofar shago, ya rubuta sunayen mawaƙa biyar da ya yarda da kalamansu, daga na ɗaya zuwa na biyar.

Yana da wata hanya ta gwaji da ba a san wani da ita ba. Idan aka kawo masa kaset, sai ya ɗauki biro da takarda, ya riƙa tsayar da rikoda baiti-baiti har ya rubuce waƙar duka. Sai ya ajiye takardar kwana uku, sai amon kiɗan ya fita daga kunnensa, sannan ya karanta ta a bushe kamar wasiƙa. In ta tsaya da ƙafarta ba ganga ba amshi, sunan mai ita ya hau allo. In ta zube, ko duniya duka na rawa da ita, ba za ta hau ba. Yakan ce kiɗa romo ne, kalma ce naman. Da wannan gwaji ya ɗaga Asta mai kiɗan ƙwarya ta Bulanguwa, wadda ya ce tana iya zagin mutum da kalmomin da zai gode mata. Da shi kuma ya fito da Hammadu mai kukuma na Jakusko, yana mai cewa duk mai son ya ji yadda ake yabon manomin shinkafa ba tare da an yi masa ƙarya ba, ya saurare shi. Kafin shekara ta zagayo, direbobin a-kori-kura da 'yan tattasai da masu kiran kasuwa ba sa sayen kaset sai sun duba allo.

Abin da kaɗan suka sani shi ne, a wannan shekarar ya yi wa waƙoƙinsa na kansa wannan gwaji. Ya same su ƙafiya daidai, kari daidai, amma ba numfashi a cikinsu. Ya rufe littattafan uku, bai ƙara buɗe su ba.

Aurensa

A shekarar 1993 ya auri Asibi, 'yar wani mai sayar da atamfa a Nguru, bayan nema na shekara biyu wanda a cikinsa ya aika mata wasiƙu goma sha ɗaya, dukansu a waƙe. Aure ne na so, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara wata ba. Ranar kai amarya, Ibram ya zo daga Kumagannam don taya abokin yarintarsa murna, ya tsaya a ƙofar gida da gurminsa, ya yi wa amarya waƙa da Hausarsa mai ɗanɗanon Barbarci. A cikinta akwai inda yake cewa:

Tafi a hankali, 'yar gidan mutane,
Ƙofar da kika baro ba a rufe ta ba,
Wadda za ki shiga ta daɗe tana jiranki.

Amarya ta yi kuka har lulluɓinta ya jiƙe, tsofaffin mata suka taya ta. Ango ya yi murmushi, ya yi godiya. Amma, Allah sarki, daga wannan rana wani abu ya tsaya masa a rai. Asibi ba ta iya kawo ko baiti ɗaya daga wasiƙunsa goma sha ɗaya, ga shi kuwa wannan waƙa da ta ji sau ɗaya tak, da ita take daka, da ita take shara, da ita daga baya ta yi renon 'ya'yansa.

Shekarun Allo

Daga 1994 Ibram ya fara ɗaukar waƙoƙinsa a kaset, da wata tsohuwar rikoda mai batir. Duk sanda ya koro shanu zuwa karar Gashua, sai ya biyo ta shago ya ajiye kaset ɗaya, ya ce a duba masa. Ba ya roƙo, ba ya tuni; amma kowa ya ga yadda yakan rage tafiya idan ya zo daidai allon, ya karanta daga sama zuwa ƙasa, sannan ya yi sallama. A wannan zamani, a arewacin Yobe, hawa wannan allo shi ne bambanci tsakanin mawaƙin da ake kwafar kaset ɗinsa har Haɗeja da Kano, da wanda shanunsa kaɗai ke jin sa.

Malam Mudi yakan riƙe kaset ɗin wata biyu ko uku. Bai taɓa kwafar ko ɗaya ba, don gudun kada wani mai saye ya ji ya tambaya. Idan Ibram ya dawo, sai ya miƙa masa abinsa ya ce hidima ta yi yawa, bai sami sukunin saurare ba. Alhali kuwa babu wadda bai rubuce ba, babu wadda bai ajiye kwana uku ba, kuma babu wadda ta zube. Yakan karanta yana neman aibi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, in ya rasa sai ya sake mayar da zaren baya ya faro. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, mutumin nan bai san sunan ko kari ɗaya ba, kuma bai taɓa karya ko ɗaya ba.

A shekarar 1999 wani mai shirya finafinan Hausa ya zo daga Kano yana neman wanda zai riƙa tsara masa kalaman waƙa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa shagon Mai Allo. A wannan ranar Ibram yana cikin gari, a kara, tafiyar da ba ta fi a aika a kira shi ba. Malam Mudi ya ba baƙon sunan Hammadu mai kukuma. Baƙon ya saurara, ya yaba, sannan ya tambaya ko a duk ƙasar nan babu wanda ya fi wannan. Malam Mudi ya ce iyakar saninsa ke nan. Masu tarihinsa sun haɗu a kan cewa a duk zamansa a wannan sana'a, wannan ce kaɗai ƙaryar da ya yi wa mai neman shawararsa.

Labari ya kai gida. Asibi, wadda ba ta saba sa baki a harkar shago ba, ta ajiye masa abinci ta tsaya.

“Baban Muktar, wai me Ibram ya yi maka?”

“Bai yi mini komai ba,” in ji shi. “Da ma ya yi.”

Hammadu ya tafi Kano, ya sami rufin asiri daidai gwargwado. Ibram ya kawo kaset na ƙarshe a shekarar 2000, aka mayar masa da amsar da ya saba ji, kuma a shekarar da ta biyo ya rataye gurminsa, ya ce shanu sun fi buƙatarsa. Ya ci gaba da biyowa ta shago don gaisuwa, amma bai ƙara duban allo ba.

Ƙarshen Sana'a da Rashin Lafiya

Daga 2003 faifai ya fara ture kaset, daga baya kuma wayar hannu ta ture su duka, samari suka koma tura wa juna waƙa ba tare da tambayar ra'ayin kowa ba. Malam Mudi ya ci gaba da rubuta allonsa har 2007, ko da yake masu tsayawa su karanta ba su fi tsofaffin direbobi ba. A wannan shekara ya rufe shago, ya koma koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. A tsakiyar 2008 ciwon ƙoda ya kama shi, aka riƙa kai shi asibiti a Nguru ana dawowa, har ya zama ba ya iya fita ko ƙofar gida.

Mako guda kafin rasuwarsa, da hantsi, ya ce wa Asibi ta ɗauko masa allon daga bayan ƙyaure, da alli, da wata jakar fata da ke ƙasan akwatinsa. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya rubuta, a layi na ɗaya: Ibram mai gurmi, Kumagannam. Sauran layuka huɗu ya bar su fayau. Asibi ta ce bari a aika a kira shi ya gani da idonsa, tun da sauran numfashi. Ya girgiza kai.

“A'a. Ba zan iya kallonsa yana karantawa ba. Sai an binne ni.”

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Allah ya karɓi ran Malam Mudi Baba a watan Fabrairu na shekarar 2009, a gidansa da ke Gashua, yana da shekara arba'in da ɗaya da 'yan watanni. An yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin, cikin taron 'yan kasuwa da direbobi da tsofaffin ɗalibansa. Ibram ya iso a bayan motar hatsi, ya sami ɗaukar makara.

Da aka dawo zaman makoki, Asibi ta sa aka jingine allon a zaure, aka miƙa wa Ibram jakar. A cikinta akwai littattafai tara, ɗauke da waƙoƙinsa sittin da uku, kowace da kwanan wata, da rubutun Malam Mudi mai kyau irin na malaman da. Kaset ɗin Ibram na asali tuni zafi da yashi suka cinye su, shi kansa kuma ya manta fiye da rabin abin da ya rera. Ya daɗe yana duban allon. Da wani ya ce ashe marigayi yana saurare, sai Ibram ya share fuska da gefen rawaninsa.

“Ai na sani tun tuni. Sabon kaset nake kawo masa, ya dawo mini da shi zaren ya yi laushi har murya na rawa, ya ce wai bai saurara ba. Ni kuwa in ba don shi ba, wa nake yi wa?”

Marigayin ya rasu ya bar matarsa Asibi da 'ya'ya biyar: Muktar, da Shuhada, da Usama, da Suhaib, da autarsu Fatimatuzzahra. Allon yana nan a zauren gidan. Muktar ya bi kan rubutun da farin fenti don kada ya goge, layukan nan huɗu na ƙasa kuwa har yau ba wanda ya cika su. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya ɓoye, ya saka masa da abin da ya adana.