Birkilan da Ya Kai Ƙarar Mai Zane

Shekara talatin da biyu Baba Lebur ya yi yana jera bulo, ba a taɓa rushe bangonsa ba. Sunan ma daga lebur, ƙarfen awon da ba ya rabuwa da shi, ya samo asali. Matarsa takan ce ko ƙafafun gado sai ya auna kafin ya kwanta.

Da aka ba shi ginin wani ƙaramin asibiti mai hawa biyu, sai ya lura matakalar da ke zanen ta yi ƙunci. Gadon ɗaukar marar lafiya ba zai juya a kwanarta ba. Ya buga wa mai zanen ginin waya, mutumin da bai taɓa taka filin ba.

"Baba, naka jera bulo ne," in ji shi. "Bar mana tunani."

Baba ya haɗiye maganar ya gina yadda aka ce. Amma da ya ƙara duba takardar, sai ya ga an goge sunan wani gidan haya a ƙasanta. Tsohon zane ne aka sake buga wa hatimi.

Matarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin sakatariya, ta jawo kujera. "Faɗa mini tiryan-tiryan, ban da zagi." Ta rubuta ƙorafin, suka haɗa da hotuna da awo. Washegari ya sa rigarsa mai guga ya kai ofishin hukumar da ke ba masu zanen gini lasisi. Wata ma'aikaciya a wurin ta dubi kaushin hannunsa.

"Kai ne mai ginin?"

"A'a, 'yata. Ni na gina kuskuren."

Sai bayan wata huɗu aka kira zama. Da kwamitin ya nemi bayani, Baba bai tsaya dogon zance ba. Ya jera kujeru daidai faɗin matakalar, ya roƙi mutum biyu su ratsa da tebur. Teburin ya maƙale, har shugabar zaman ta cire tabarau tana kallo.

Aka dakatar da lasisin mai zanen na wani lokaci, aka ba wani ya sake aikin. Ranar rushe matakalar, Baba ya hana kowa taɓa guduma, shi ya fara saran farko. Sabuwar kuwa, ya gama ta cikin kwana tara, ya kawo matarsa ta riga kowa hawa.