Sabis a Turken Awaki

Gidanmu na ƙauye, can bayan Bagudo, ƙarami ne: ɗakunan laka, rumbu, da zauren da Baba ya gina yana kallon hanyar Lolo. Iyakar Benin kuwa ba nisa. Ina zargin zabinmu sun sha ƙetarawa kiwo ba wanda ya tambaye su takarda. Matsalarmu waya ce. A ɗakin Inna sabis ɗin Benin take kamawa, ta yi maka maraba da Faransanci kana kwance kan tabarmarka. Na Najeriya kuwa wuri ɗaya ya yarda ya sauka: kusurwar bayan gida, daidai turken awaki.

Ni a lokacin na haddace littattafan soyayya na kasuwa, masu yagaggen bango. A cikinsu budurwa kan kishingiɗa bisa lallausan gado, ta ja murya, saurayi ya narke. Nawa saurayin ɗinki yake koyo a Birnin Kebbi, bayan la'asar yake kira. Sai in shafa turare, in zizara kwalli, in je in tsaya cikin kashin awaki ina ce masa shi ne sanyin idona. Ya taɓa tambaya wa ke kuka kusa da ni. Na ce ƙanena ne. Bunsuru ne.

Ya daɗe yana neman amsata don ya turo manyansa. Ina sonsa, amma a littafi ba a amsawa da wuri. Sai an ja aji, an yi fushi, an kwanta ciwo. Na ƙudura sai na bi duka.

Sai labarin kusurwar ya fita. Makiyaya, masu dakon shinkafa a babur, matan maƙwabta, kowa sallama yake ya ratsa tsakar gida da waya a hannu. Inna ta rasa damar ajiye mayafi. Da Baba ya gaji, ya fasa katangar wajen, ya kafa rumfa, ya matsar da turken gefe. Tun daga nan gidanmu ya juya wa hanya baya. Zauren gaske ya koma ma'ajiyar harawa, baƙi kuwa ta wajen awaki suke shigowa, har masu gaisuwar mutuwa.

Ni sirrina ne ya tafi. Wata ranar kasuwa saurayin nawa ya kira, muryarsa ba wasa. Ya ce maigidansa zai tafi da shi kudu, yau yake so ya ji matsayinsa. A bayana mutane ne a jere, ta gabansu wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar talla a ka. Na rage murya.

"Ita zuciya tsuntsuwa ce," na ce masa, "ba ta sauka sai ta..."

"Ke ɗiyata," in ji dattijuwar, "kina son shi ko ba ki so?"

Na yi kamar ban ji ba.

"In ba ki so, ba ni wurin. Kasuwa na watsewa, kuma ɗana na jiran ya ji saniyarshi ta haihu."

Wani mai babur ya ce, "Haƙuri za ki yi, Goggo, tsuntsuwar ba ta sauka ba tukuna."

A wayar na ji alamar yana shirin ajiyewa. Sauran maganar littafin ta gudu daga kaina. Na ce, "To, ka turo su."

"Me kika ce? Sabis na yankewa."

Dattijuwar ta matso, ta kai baki jikin wayar. "Ta ce ka turo su, yaro."

Sannan ta ture ni da gwiwar hannu, ta kwance tata wayar daga bakin zane.