Bashi Mutale, Mai Tattara Kekunan Kanti

Duk wanda ya taɓa sayayya a babban kantin nan na Kitwe ya san Bashi Mutale, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura da ke zagaya filin ajiye motoci yana tattara kekunan sayayya da mutane suka watsar, ya jera su kamar jirgin ƙasa ya tura ciki. Tun yana saurayi yake wannan aiki, da shi yake riƙe gida.

Doka ɗaya aka cusa wa masu turin keke: kada keke ya gogi motar mai sayayya. Wanda ya kwarzane fenti, a ranar zai tuɓe rigar aiki. Dokar nan ta shige wa Bashi Mutale jini.

Ran nan da hantsi yana gangarowa da jerinsa, sai wata mota ta yo baya, direban na ta waya. Da wani ne, sakin kekunan zai yi ya yi ta kansa. Shi kuwa, bawan Allah, sai ya sha gabansu ya tokare su da ƙirji. Motar ta matse shi da ƙarfen, ƙafar dama ta karye wuri biyu.

A asibiti matarsa, Bana Mutale, ta kawo nshima, wato tuwon masara, da ƙananan kifi. Yana buɗe ido ya ce, "Motar fa? Ta kwarzane?"

"Ji mutumin nan! Ƙanwarka ce? Lafiyarta lau, tana can tana shan iska. Buɗe baki ka ci." Ta juya baya tana share hawaye da bakin zani.

Manaja ya aiko cewa gurbinsa na nan, ya dai warke. Maganar nan ce ta riƙe shi duk damina, yana koyon tafiya daga ƙofa zuwa gindin mangwaro, yana cizon leɓe. Abin gwanin ban tausayi.

Ranar komawa ya goge takalmi, ya ɗingiso da sanda. A bakin kantin ya tarar da wani ƙato da bai sani ba, sanye da rigar aiki, yana turo jerin kekuna a gurbinsa. Mutumin ya dubi ƙafarsa, ya zaro keke ɗaya.

"Baba, riƙe wannan ka dogara, ya fi sandar. A yi sayayya lafiya."

Bashi Mutale ya sa sandar cikin keken, ya yi godiya, ya tura ciki a hankali, alhali ba abin da ya zo saye.